Jijiyoyin da suke fitowa a ƙafa kamar saƙar gizo-gizo: ƙaho, mai, ko asibiti?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina neman shawara a kan wani abu da ya daɗe yana damuna. Shekaruna 38, haihuwata biyar, ina koyarwa a wata makarantar firamare a nan cikin birni, kuma tun daga ƙarfe takwas na safe har a tashi, a tsaye nake gaban allo. A cikina na uku na fara ganin wasu siraran jijiyoyi a gefen cinyata ta hagu, ja-ja da shuɗi-shuɗi, sun bazu kamar saƙar gizo-gizo. A lokacin faɗinsu bai wuce tafin hannun jariri ba, amma bayan haihuwar auta sai suka gangaro bayan gwiwa, yanzu kuma ƙafar dama ma ta soma. Ba sa ciwo idan na taɓa, sai dai da yamma nakan ji ƙafar ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse, wani lokacin har da ɗan zugi da ƙaiƙayi.

Surukata ta ce mataccen jini ne ya taru, a kira wanzami ya yi ƙaho. Wata abokiyar aikina ta kawo mini mai a roba marar suna, ta ce sati biyu ya isa. Ƙanwata kuma ta ce ana goge su da leza. Maigida ya ce shi bai ga abin damuwa ba, amma ni da nake ganin su kullum na san suna ƙaruwa. Don Allah wanda ya san gaskiyar lamarin ya taimaka mini.

Hajiya Babba ta Yakasai:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki bi maganar surukarki. Mu da muka haifi tara da goma, aka yi mana wankan jego na kwana arba'in da ruwa mai zafi da ganyen darbejiya, ba mu san wannan abu ba. Matan yanzu sati biyu kuke yi ku ce likita ya hana, to ina jinin haihuwa zai tafi? Ki sa a yi miki ƙaho a tsotse shi, ki riƙa gasa wurin da ruwan zafi safe da yamma. Allah ya ba ki lafiya.

Anti Nas:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma ina roƙon ki yi mini afuwa, domin a wannan maganar ba zan iya yin shiru ba. Jinin da yake cikin waɗannan jijiyoyi rayayye ne, yana tafiya kamar sauran jinin jiki. Maman Ilham, ki gwada da kanki: ki danna wurin da yatsa na ɗan lokaci, za ki ga ya yi haske, da kin ɗaga kuma launin ya dawo, domin jinin ya koma. Mataccen jini ba ya yin haka. Jijiyar ce ta buɗe fiye da ƙa'ida, ta kuma kusanci fata, shi ya sa ake hango ta. Idan wanzami ya tsaga wurin ya tsotse, jijiyar tana nan a buɗe, kafin ya wanke ƙahonsa ta sake cika, abin da za ki ƙaru da shi kawai shi ne tabo, ko kuma ciwon da zai ƙi warkewa idan a ƙasan ƙafa ne. Gashi da ruwan zafi kuwa ƙara buɗa jijiya yake yi. Na yi shekaru ina wanke gyambon ƙafa a asibiti, kuma na ga waɗanda daga tsaga guda a kusa da idon sawu suka shafe watanni suna zuwa wanki.

Malam Mai Hijama:
Ni sana'ata ke nan, kuma hijama sunna ce da ba zan yarda a raina ta ba. Duk da haka gaskiya ɗaya ce, abin da Anti ta faɗa shi aka koya mana: ba a ɗora kofi a kan jijiyar da ta fito fili, ba a tsaga ta, kuma ba a yi wa mai shan maganin tsinka jini. Mata da yawa sukan zo wurin matata da irin wannan, mukan ce musu idan hijamar baya ko ta kafaɗa suke so bismillah, amma a kan jijiyar kanta ba ma yi. Duk wanda ya ce miki zai ɓatar da su da ƙaho, kuɗinki yake so.

Dakta (likitan iyali):
Malam, Allah ya saka da alheri, ka rage mini aiki. Maman Ilham, bari in yi bayani daga tushe, domin idan aka fahimci yadda abin yake faruwa, zaɓen magani ba zai yi wuya ba.

Jinin da ya sauka ƙafa dole ne ya hau ya koma zuciya, kuma hawa yake yi kamar ruwan da ake turawa tankin saman bene. Abu biyu ne suke taimaka masa. Na farko naman dambubu, wanda duk takun da mutum ya yi yake matse jijiyoyin ciki ya tura jinin sama. Na biyu wasu ƙananan bawul da suke cikin jijiyoyin, waɗanda suke buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya dawo. Mai tsayuwa wuri guda, kamar malamar aji ko mai jiran shago ko mai tuya, naman ƙafarsa ba ya aiki, sai jini ya yi nauyi a ƙasa. Ciki kuma yana ƙara yawan jinin mace da kusan rabin abin da take da shi, mahaifa tana danne manyan jijiyoyin ƙugu, sinadaran ciki suna sassauta bangon jijiya. Idan aka haɗa da gado, wanda shi ne babban dalili, da ƙiba da shekaru, to an gama bayanin yawancin masu wannan matsala. Ki tambayi mahaifiyarki ko yayyenki mata, da wuya a rasa wadda take da su.

Mu a asibiti muna raba su da kauri. Waɗanda kika kwatanta, masu kama da zare, ba su kai milimita 1 ba. Akwai shuɗaye ko koraye da suke kwance ƙarƙashin fata, daga milimita 1 zuwa 3, kuma sau da yawa su ne suke shayar da ƙananan, musamman a gefen cinya da bayan gwiwa. Daga milimita 3 zuwa sama su ne kumburarrun da suke murɗewa kamar igiya. Ƙananan su kaɗai ba su da haɗari, ba sa jawo shanyewar jiki, ba kuma alamar hawan jini ba ne kamar yadda wasu suke tsoro.

Abin da ya sa ban tsaya a nan ba shi ne nauyin da kika ce kina ji da yamma. Wannan yana iya zama gajiyar tsayuwa kawai, yana kuma iya zama alamar cewa wani bawul a babbar jijiya yana yoyo. Ba a gane wannan da ido, sai da hoton Dofla, irin na'urar da ake duba ciki da ita ce, ana yin sa kina tsaye, ana matsa dambubu ana kallon ko jini yana komowa baya. Ana yin sa a nan Kano. Ki fara da ganin likita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko wani babban asibiti, shi zai rubuta miki hoton, ya kuma tura ki sashen fata ko na tiyata gwargwadon abin da aka gani. Idan babbar jijiya tana yoyo aka yi maganin ƙananan kawai, kamar mai sharar ruwa ne a tsakar gida alhali famfo yana buɗe.

Man da aka kawo miki a roba kuwa, don Allah kada ki shafa shi ko sau ɗaya.

Ummu Sadik:
Tun da Dakta ya ambaci man roba, bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa a cikin mutane ba, ko wata za ta tsira. Ni nawa ba daga haihuwa suka zo ba, ni na saya da kuɗina. Ana saura wata uku bikina aka haɗa mini mai, aka ce na gyaran amarya ne, ba bilicin ba ne. Na yi haske, kowa yana yabawa, sai na ci gaba har shekara huɗu. Abin da na fara lura da shi shi ne fatar cinyata ta zama kamar ledar da aka ja, tana sheƙi, ko gefen gado na buga sai wurin ya yi shuɗi. Daga nan jijiyoyi suka bayyana, koraye da jajaye, a cinya da ƙwauri har da kumatu, ga nankarwa manya-manya a hammata da bayan gwiwa alhali ko cikin fari ban yi ba. Da na koma wa mai haɗin, sai ta sayar mini da wani wai na ɓatar da jijiya, wanda daga baya likitan fata ya ce mini tushensu ɗaya da na farkon. Ranar da ya ɗaga hannuna a gaban fitila ya nuna mini yadda ake hango jijiyoyin kamar ta cikin gilashi, ya ce fatar ce ta siranta, kuka na yi a ofishinsa. Yau shekara biyu da dainawa, fatar ta ɗan dawo, wasu jijiyoyin sun dusashe, amma nankarwar tana nan.

Mai Kyamis na Zoo Road:
'Yar'uwa, Allah ya ba ki ladan wannan magana. Abin da ake zubawa a irin wannan haɗi yawanci sitiroyid ne mai ƙarfi, kamar kulobetasol da betametason, waɗanda aka yi domin cutukan fata na ɗan lokaci bisa umarnin likita. Suna matse jijiyoyin fata a kwanakin farko, shi ya sa mai shafawa take ganin kamar jijiyoyin sun ɓace, ta yi ta godiya, alhali a ƙarƙashi fatar tana sirancewa. Hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa ta lafiyar ƙasa a shekarar 2023, amma har gobe ana auna haɗin a roba ana sayarwa. Wadda ta daɗe tana shafawa a jiki duka kada ta yanke farat ɗaya ba tare da ta ga likita ba, domin jiki yana iya sabawa da shi.

Ana yawan zuwa wurina neman man da zai ɓatar da waɗannan jijiyoyi, kuma amsata kullum ɗaya ce: babu shi. Man zaitun da man habbatus sauda da khal ɗin tuffa ba sa rufe jijiyar da ta riga ta buɗe, khal ma yana ƙona fata idan aka ɗaure shi a kanta ya kwana. Akwai ƙwaya irin su Daflon da likita yakan rubuta domin rage nauyi da kumburin ƙafa, amma ita ma ba ta goge abin da ake gani.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Na jefar da robar. To Dakta, idan hoton ya nuna babu yoyo, mene ne yake ɓatar da su? Maganar lezar da ƙanwata ta yi fa?

Amarya Zee:
Anti, kafin Dakta ya amsa, ki ji nawa labarin lezar. Ni baƙa ce, jijiyoyin ma ba kowa yake ganinsu ba sai ni, amma suka tsaya mini a rai. Na je wani wurin gyaran jiki, ba asibiti ba, yarinyar da ta yi mini ko tambayata ba ta yi ba ko ina shan wani magani, ba ta kuma gwada a ɗan ƙaramin wuri ta ga yadda fatata za ta karɓa ba. Ina jin zafi kamar ana ɗiga mini mai daga kasko, tana cewa alamar yana aiki ne. Washegari wurin ya yi bororo a jere, guda goma sha ɗaya, daidai faɗin bakin na'urar. Da suka warke sai wasu suka bar fari, wasu suka bar baƙi. Yanzu wata takwas ke nan, baƙaƙen sun ragu, fararen suna nan kamar an ɗiɗɗiga alli a ƙwaurina, jijiyoyin kuma ko gezau.

Dakta (likitan iyali):
Sannu, Allah ya sawwaƙe. Ki ga likitan fata a kan fararen, kada ki shafa musu komai da kanki. Abin da ya same ki yana da dalili sananne. Hasken leza launi yake nema, ya zama zafi a inda ya same shi. Ana so jan jinin da yake cikin jijiya ya sha hasken, amma baƙin fatarmu ma yana sha, kuma shi hasken yake fara tararwa. Na'urorin da haskensu gajere ne, kamar mai lamba 532, an fi yin su domin farar fata, a jikinmu sukan ƙona sama kafin su isa jijiyar. Wadda ta fi dacewa da baƙar fata ita ce mai dogon haske, lamba 1064, tare da sanyaya fata, a hannun wanda ya san aikinsa, bayan an gwada a ɗan wuri an jira. Duk wanda bai iya gaya miki lambar na'urarsa ba, kada ki miƙa masa ƙafarki.

A ƙafa ma leza ba ita ce ta farko ba. Maganin da aka fi dogara da shi a duniya shi ne allurar da ake yi a cikin jijiyar kanta, wadda likitoci suke kira sikilerotarafi. Ana amfani da allura siririya ƙwarai a zuba ɗan magani, yawanci folidokanol, wanda yake taɓa bangon jijiyar daga ciki, ta manne ta rufe, jiki ya shanye ta a hankali, jinin kuma ya bi sauran hanyoyi masu lafiya. Ana farawa da shuɗayen da suke shayarwa, sannan ƙananan. Ba a sa barci, zama ɗaya bai cika wuce rabin awa zuwa minti 45 ba, kuma ana so mutum ya tashi ya yi tafiya nan take. Ƙananan sukan dusashe cikin sati 3 zuwa 6, manya sukan kai wata 3 zuwa 4, kuma yawanci sai an koma sau biyu ko uku da tazarar sati 4 zuwa 6.

Ba zan ɓoye illarsa ba, domin mu masu duhun fata ta fi shafa. Jinin da ya maƙale a jijiyar da aka rufe yakan bar layi mai ruwan ƙasa a fata, wanda a yawancin mutane yake gushewa cikin wata 6 zuwa shekara, a wasu kaɗan kuma ya zarce haka. Wani lokacin wasu jijiyoyi sirara ƙwarai sukan fito a gefen wurin kamar jan gajimare. Idan maganin ya zuba a wajen jijiya yana iya yin ɗan gyambo, kuma akwai wanda jikinsa ba ya karɓar maganin, shi ya sa ba aikin ɗakin kwalliya ba ne, ba kuma na mai allura a unguwa ba. Ba a yi wa mai ciki, ana jinkirta wa mai shayarwa, kuma wadda ta taɓa samun gudan jini a ƙafa ko huhu dole ta faɗa tun farko. Wadda ta haihu kwanan nan ta jira wasu watanni, domin da yawa sukan ragu da kansu. Wadda kuma take da niyyar ƙara haihuwa nan kusa ta sani cewa sabon ciki yana iya kawo sababbi.

Hajiya 'Yar Kwari:
Ni an yi mini wannan allura a Alƙahira, lokacin da na raka mahaifiyata asibiti, kuma abin da Dakta ya faɗa haka yake. Sai da aka yi mini hoto a tsaye, sannan na kwanta, likitar ta kunna wata jar fitila ta manna a fatata, sai ga shuɗayen jijiyoyin da ban taɓa sanin suna nan ba sun fito kamar rassan bishiya. Zafin allurar bai kai cizon cinnaka ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ina kallo, da ta tura maganin sai jan zaren ya ɓace gaba ɗaya kamar an goge rubutu a allo, na ɗauka an gama. Ta ce mini kada in yi murna tukuna, maganin ne ya kori jinin, zai dawo. Haka kuwa aka yi, sati biyun farko ƙafata ta fi da muni, duk ta yi shuɗi da ƙulli-ƙulli. Da na koma sai ta huda wasu wurare da bakin allura ta matse wani baƙin jini, ta ce barinsa ne yake jawo tabo. Zama biyu na samu kafin mu dawo, kuma ta hana ni hawa jirgi sai da aka kwana biyu. Kusan kashi uku cikin huɗu sun tafi, layin ruwan ƙasa ɗaya a bayan gwiwa ya kai wata tara kafin ya ɓace. Yau shekara uku, wasu sababbi sun fito a wani wurin dabam, domin har yanzu a tsaye nake wuni ina auna shadda.

Shawarar da zan ƙara ita ce ta lokaci. Bayan allurar sai an sa safar matsi kullum na wasu makonni, a guji wankan ruwa mai zafi da barin rana ta daki wurin. Duk wadda ta san zafin Kano na watan Afrilu ta san ba za ta iya wuni da wannan safa ba. Ki tsara abinki ya faɗo a cikin hunturu, Disamba ko Janairu.

Hajiya Babba ta Yakasai:
Na ji bayanin likita, kuma na janye maganar ƙaho tun da mai sana'ar da kansa ya ce ba a yi. Amma ina da tambaya. Abin da ba ya kisa, ba ya hana sallah, yana kuma ƙarƙashin zane ba mai ganinsa, don me mace za ta kwashi kuɗin da za a biya wa yara makaranta ta kai a tsira mata allura? Ni a ganina haƙuri ya fi, kada a je neman gira a rasa ido.

Anti Nas:
Hajiya, a rabin maganarki ina tare da ke. Wadda nata ba sa ciwo, ba sa kuma damunta, babu likitan kirki da zai ce lallai sai ta yi, barinsu ba ya cutarwa. Amma Maman Ilham ta ce ƙafarta tana nauyi da zugi, wannan kuwa ya wuce kwalliya. Kuma ko da damuwar ganin ce kawai, ni ba na raina ta, domin na ga matan da saboda an ce musu su yi haƙuri, ba a kuma nuna musu hanya ba, suka koma wa masu haɗin mai a ɓoye. Gara a gaya wa mace gaskiya duka, da kuɗin da illar, ta zaɓa da idonta a buɗe.

Alhaji Mai Atamfa:
Ku yi haƙuri in shigo, kada a ɗauka ciwon mata ne kawai. Shekarata talatin a Kantin Kwari. Nawa a gefen idon sawu suka fito ta ciki, sun yi kamar mafici, shuɗi mai duhu, fatar wurin ta yi baƙi tana ƙaiƙayi, da yamma kuma takalmi ba ya shiga. Ban kula ba sai ranar da nake alwalar la'asar a bakin shago, na sosa wurin, jini ya yi tsartuwa har kan bandir ɗin atamfa. Yaran shago suka ɗaure mini ƙwauri da tsumma, jinin ya ƙaru. Wani maƙwabcinmu ne ya kwance tsumman, ya kwantar da ni a kan benci, ya ɗora ƙafar a kan dila, ya danne wurin da hankici, cikin 'yan mintuna ya tsaya. Hoto ya nuna babbar jijiyar tana yoyo tun daga matsematsi.

Dakta (likitan iyali):
Alhaji, maƙwabcinka ya yi daidai, kuma kowa ya riƙe wannan: a kwanta, a ɗaga ƙafa sama da ƙirji, a danne wurin sosai na minti goma ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba, sannan a tafi asibiti. Irin naka na idon sawu, tare da kumburi da baƙin fata, ba a lissafa shi da na kwalliya, gargaɗi ne cewa gyambo yana tafe idan ba a gyara babbar jijiyar ba. Haka kuma duk wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da ciwo da zafi, musamman mai jego ko wanda ya sauko daga doguwar tafiya, ya tafi asibiti a ranar, kada a yi masa tausa.

Game da safa, ba ta ɓatar da jijiyar da ta fito, amma tana rage nauyi da kumburi. Ana auna ta ne, ba a saye da ka: a auna idon sawu da dambubu da safe kafin ƙafa ta kumbura. Ƙarfin matsinta da lamba ake gane shi: mai lamba 15 zuwa 20 ta isa ga mai nauyin ƙafa kawai, 20 zuwa 30 kuma sai likita ya ce. Mai ciwon suga ko dattijon da jini ba ya sauka ƙafarsa sosai kada ya sa sai an duba shi. Kada a naɗe bakinta ya zama kamar igiya a ƙwauri.

Ummu Sadik:
Dakta, yaya ake yi da alwala? Wannan ne ya sa yayata ta ajiye tata.

Malam Mai Hijama:
A mazhabarmu ta Malikiyya huffin da ake shafa a kansa sharaɗi ne ya zama na fata, don haka safar roba ba ta shiga wannan babin kai tsaye. Hukuncin abin da likita ya ɗaura saboda larura kuma babi ne dabam, kuma wannan sai a kai wa malamin fiƙihu tare da bayanin likitan, ba ni zan yanke ba. Abin da na ga wasu suna yi shi ne su sa ta da alwalar safe, su cire a azahar su sake alwala su mayar, su cire gaba ɗaya idan sun dawo gida sun ɗora ƙafa a kan matashi.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Na dawo in ba ku labari bayan sati biyar, domin bai kamata in karɓi shawara in ɓace ba. Na ga likita, an yi mini hoton a tsaye ƙafa biyu, kuma alhamdu lillahi manyan jijiyoyin lafiya lau suke, sai wata shuɗiya a gefen cinyar hagu da aka ce ita take shayar da ƙananan. Na tambayi Innarmu kamar yadda Dakta ya ce, sai ta ɗage zanenta ta nuna mini nata a daidai wurin da nawa suke, ta ce tun haihuwata suke nan, ita ma kuma an yi mata wankan jego cikakke. An auna ni na sayi safa mai buɗaɗɗen yatsu, ina sa ta kwanakin makaranta. Na daina kafewa a gaban allo, ina zagaya tsakanin layukan yara ina duba littattafansu, idan kuma suna rubutu sai in riƙe tebur in yi ta ɗage dunduniya ina saukewa. Nauyin yamma ya ragu sosai, jijiyoyin kuwa suna nan yadda suke.

Maganar allura mun yi ta da maigida, mun bar ta sai na yaye auta, kuma na fara ajiye wani abu daga adashen makaranta domin hutun Disamba. Likitan ya ce za a fara da ɗan wuri a bayan gwiwa a ga ko fatata za ta riƙe tabo kafin a taɓa cinyar. Hajiya 'Yar Kwari, don Allah safar da kika sa bayan allurar, mai tsayawa a gwiwa ce ko mai kaiwa cinya, kuma kina kwana da ita a daren farko?